Hutu a Kan Ruwa: Wane Jirgi Ya Dace da Wane Matafiyi?



Kakanninmu da suka tafi Makka ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Darfur har suka isa gaɓar Bahar Maliya, sun san jirgin ruwa a matsayin abin ƙetare ruwa kawai. A Sawakin ake shigarsa, a Jidda ake sauka, kuma babu mai fatan ya ƙara ko da kwana guda a cikinsa. To, zamani ya juya. A yau akwai jiragen da mutane ke biyan kuɗi masu yawa domin su kwana bakwai ko goma a cikinsu, su ci, su sha, su huta, jirgin yana yawo da su daga wannan gari zuwa wancan, daga ƙarshe ya maido su inda ya ɗauke su. A shekarar 2023 mutane fiye da miliyan 30 ne suka yi irin wannan hutu a duniya.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da teku ta yi mana nisa? Ruwanmu ne kuwa. Ƴaƴanmu da ke aiki a Faransa da Beljiyam da ƙasashen Larabawa sun fara gayyatar iyayensu irin wannan tafiya, ƴan kasuwarmu da ke zuwa Dubai da Istanbul suna ganin tallarta, sababbin ma'aurata kuma suna cin karo da hotunanta a wayoyinsu. Abin da talla ba ta faɗa shi ne, sunan ɗaya ne amma tafiye-tafiyen sun bambanta ƙwarai da gaske. Jirgin da zai faranta ran yaro ɗan shekara goma zai iya zama wahala ga kakarsa, kuma wanda aka sayi tikitinsa da araha zai iya cinye ninkin kuɗinsa kafin a sauka. Saboda haka kafin magidanci ya tambayi inda jirgi zai je, ya kamata ya fara duban waɗanda zai tafi da su, musamman mafi rauni a cikinsu.

Garin da ke tafiya a kan teku

Mu fara da manyan jirage, tun da su ne aka fi tallatawa. A watan Janairu na 2024 kamfanin Royal Caribbean ya fara jigila da jirginsa mai suna Icon of the Seas daga birnin Miami na Amurka. An ƙera shi a Turku ta ƙasar Finlan. Tsawonsa mita 365 ne, wato ya fi filayen ƙwallo uku idan aka jera su, yana da hawa 20, yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600 da ma'aikata 2,350. Idan ya cika, mutanen da ke cikinsa sun kusa dubu goma ke nan, adadin da ya fi na garuruwa da yawa a karkararmu. A cikinsa akwai tafkunan ninkaya, da wuraren wasan yara, da gidajen abinci iri-iri, da kantuna, da ɗakunan kallo.

Irin waɗannan jirage an yi su ne domin iyali masu yara da matasa. Akwai ma'aikatan da aikinsu kula da yara ne tun safe har dare, an raba su rukuni-rukuni gwargwadon shekaru, ta yadda uwa za ta samu ta miƙe ƙafa. Abinci ba ya yankewa. Bugu da ƙari, girman jirgin kan rage tangaɗi, don haka mai tsoron jiri da tashin zuciya ya fi samun sauƙi a cikinsa bisa ƙaramin jirgi.

A Bahar Rum, wadda ta fi kusa da mu, kamfanonin MSC da Costa sun fi yawan zirga-zirga. Tafiyar da aka saba ita ce ta kwana bakwai: Barsalona, Marsai, Jenowa, sai tashar Civitavecchia da ake sauka a nufi Roma, sannan Palermo ko tsibirin Malta. Jirgin yakan yi tafiya da dare, ya wayi gari a sabuwar tasha, a ba mutane sa'o'i bakwai ko takwas su zaga, kafin magariba ya daga. Wannan shi ne daɗinsa, shi ne kuma aibinsa. Mutum zai ga ƙasashe uku ko huɗu ba tare da ya ɗaure kaya ya kwance sau biyu ba, amma ba zai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsakanin Civitavecchia da Roma akwai kimanin kilomita 80, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye sa'o'i uku daga cikin yinin. Garuruwan ma ba duka ke maraba da waɗannan baƙi ba: tun watan Agusta na 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venis, saboda ɓarnar da suke yi wa harsashin gine-gine.

Akwai kuma abin da dole a faɗa wa magidanci ƙarara. Yawancin manyan jiragen Turai da Amurka suna da gidan caca, ana sayar da barasa a kusan kowane hawa, kuma a bakin tafkin ninkaya shigar mutane ba irin wadda muka saba gani ba ce. Mutum yana iya kauce wa waɗannan wurare, domin jirgin yana da faɗi, amma ba zai iya hana ƴaƴansa ganinsu ba. Game da nama, wasu kamfanoni kan tanadi na halal idan an nema tun makonni kafin tafiya, wasu kuwa ba sa yi. Kada a dogara da maganar dillali ta baka, a nemi amsa a rubuce. Idan ba a samu ba, kifi da ƙwai da kayan lambu da shinkafa suna nan a wadace, ba wanda zai kwana da yunwa, sai dai a riƙa tambayar mai dafuwa ko an zuba giya a miya, domin al'adar girkin Turawa ce.

Wanda ke son babban jirgi amma ba ya son waɗannan abubuwa, yanzu ya samu zaɓi. A watan Disamba na 2024 wani kamfanin Saudiyya mai suna Aroya ya fara jigila daga Jidda da babban jirgi mai ɗaukar fasinjoji fiye da 3,000, babu barasa babu caca a cikinsa, abincinsa na halal, da wuraren salla. Sai dai a lura, tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a kudancin Bahar Maliya, kamfanoni da dama sun soke tafiye-tafiyensu na wannan yanki ko sun sauya hanya. Duk mai niyyar zuwa can, ko Tekun Fasha inda jirage kan zaga tsakanin Dubai da Abu Dabi da Doha da Maskat a lokacin sanyi, ya binciki halin da ake ciki a makon da zai biya kuɗi, kada ya dogara da labarin bara.

Kogi ya fi teku sauƙi

Da wani zai tambaye ni inda iyali irin namu za su fara, musamman idan akwai dattijo a cikin tafiyar, sai in ce su bar teku tukuna, su nufi kogi. Kogi ba shi da raƙuman ruwa, saboda haka babu jiri. Gaɓa tana kusa, kullum ido yana ganin ƙasa da itatuwa da mutane, abin da ke kwantar da hankalin wanda bai taɓa nisa da tudu ba. Jirgin ƙarami ne, ba a ɓacewa a cikinsa, kuma yakan tsaya a tsakiyar gari, ba a wata tasha mai nisa ba.

A cikin koguna kuwa, Nilu ne ya fi dacewa da mu. Tun 1869 Baturen nan Thomas Cook ya fara kai masu yawon buɗe ido wannan kogi, har yau kuma sana'ar ba ta mutu ba. Tafiyar tana tsakanin Luksor da Aswan a kudancin Masar, tazarar da ta ɗan haura kilomita 200. Idan an tashi daga Luksor ana hawan ruwa ne, akan kwana huɗu; idan daga Aswan aka taso ana gangara, kwana uku sun isa. A hanya akan tsaya a Edfu da Kom Ombo domin ganin gine-ginen Fir'aunoni, a garin Esna kuma jirgin yakan shiga wani ɗaki na ruwa mai ƙofofi biyu, a rufe, a ƙara ruwa ko a rage har ya daidaita da ɗaya ɓangaren madatsar, sannan a buɗe masa ya wuce. Yara kan so kallon wannan fiye da kowane tsohon gini. A Luksor akwai kwarin da aka binne sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922, akwai kuma masallacin Abul Hajjaj da aka gina a cikin harabar tsohon haikalin garin, ana salla a cikinsa har yanzu.

Abin da ya sa Nilu ya fi sauƙi gare mu a bayyane yake. Nama na yankan Musulmi ne kamar yadda yake a kasuwannin ƙasar, kiran salla yana iso mutum daga ƙauyukan gaɓa yana zaune a saman jirgi, mai ɗan Larabci kuma zai iya magana da ma'aikata. Amma kada a ɗauka komai ya yi daidai da gida: yawancin waɗannan jirage domin Turawa aka tsara su, ana sayar da barasa a cikinsu, kuma akan yi daren raye-raye wanda magidanci zai fi son iyalinsa su zauna a ɗaki. Ziyarar kaburburan sarakuna ma tana buƙatar ƙafa, akwai gangare da matakala da rana. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta fi morewa idan ta zauna a inuwar saman jirgi tana kallon masunta da manoman rake, babu laifi a cikin haka. Lokacin da ya fi daɗi daga Oktoba ne zuwa Afrilu. Da bazara zafin Aswan yakan haura digiri 40, farashi ya faɗi. Mu da muka san watan Afrilu a Yamai ko Injamena wannan ba zai ba mu tsoro ba, sai dai ai ba zafi aka je nema ba.

Mai hali da ke son sirri yana iya ɗaukar abin da Misirawa ke kira dahabiyya, wato ƙaramin jirgi na gargajiya da iska ke turawa, wanda ɗakunansa ba su cika wuce goma ba. Dangi guda suna iya hayarsa gaba ɗaya, su faɗa wa mai dafuwa abin da suke so, su hana abin da ba sa so. Haka ake yi a gaɓar kudu maso yammacin Turkiyya, daga garuruwan Bodrum da Marmaris da Fethiye, da jiragen katako da ake kira gulet. Idan gida biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka ɗauki guda, matuƙin zai iya kai su lungun da babu kowa, mata su shiga ruwa ba tare da idon baƙo ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi dacewa ga iyalin da sutura ta fi damunsu, ko da yake ƙaramin jirgi a teku yana rawa, kuma ba wurin jarirai masu rarrafe ba ne.

A nan yankinmu ma akwai misali. A kogin Senegal akwai tsohon jirgi mai suna Bou el Mogdad, wanda aka ƙera a Holan a 1950 domin jigilar kaya da mutane da wasiƙu, aka sa masa sunan wani tafinta ɗan Saint-Louis na ƙarni na 19. A 2005 aka dawo da shi kogin, aka mayar da shi na masu hutu, tafiyar kusan mako guda tsakanin Saint-Louis da Podor, ta kusa da gandun tsuntsaye na Djoudj da garuruwan Richard-Toll da Dagana. Da sefa ake ciniki a can, da Faransanci ake magana. Kogin Isa namu kuwa, wanda a da baƙi kan bi shi cikin manyan kwale-kwale daga Mopti zuwa Tumbutu, rashin tsaro ya kashe wannan sana'a tun 2012. Allah Ya maido da zaman lafiya.

Kogunan Turai, irin su Rhin da Danube, nasu tsarin daban ne. Tun da aka kammala mashigin da ya haɗa su a 1992, jirgi yana iya tashi daga Amsterdam ya kai Budapest cikin mako biyu. Ƙofofin ruwan da ke hanya su suka ƙayyade girman jiragen, faɗinsu bai kai mita 12 ba, tsawonsu bai wuce mita 135 ba, fasinjojinsu ba su kai 200 ba. Tafiya ce ta manya masu son natsuwa, tana da tsada, kuma wasu kamfanonin ba sa karɓar yara sam. Tana da nata cikas: a shekarun 2018 da 2022 fari ya sa ruwan Rhin ya ja baya har jirage suka kasa wucewa, aka riƙa kwasar mutanen da suka biya kuɗin jirgi a cikin motocin safa.

Masu neman abin da ba kowa ya gani ba

Akwai matafiyin da wasanni da kantuna ba su dame shi ba, halittar Ubangiji yake son gani. Irin wannan ya dubi arewa ko kudu mai nisa. A ƙasar Norwe akwai jiragen Hurtigruten da suka fara aiki tun 1893, suna bin gaɓa daga Bergen zuwa Kirkenes, suna tsayawa a tashoshi 34, zuwa da dawowa kwana 11. Asalinsu jiragen wasiƙu ne da kaya, har yanzu mutanen ƙauyukan gaɓar suna hawa suna sauka, babu caca babu hayaniya, sai duwatsu masu tsayi da ruwa ya ratsa tsakaninsu. Amma ga wani abu da ba a rubutawa a takardar talla: a arewacin wannan hanya rana ba ta faɗuwa sam daga wajen ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, a tsakiyar hunturu kuma ba ta fitowa. Wanda zai je a waɗannan watanni ya zauna da malaminsa tun a gida su daidaita yadda zai ƙaddara lokutan salla, kuma ya dubi kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Can ƙarshen kudu kuma akwai Antaktika, nahiyar ƙanƙara. Yawancin jirage daga Ushuaia ta ƙasar Ajantina suke tashi, tsakanin Nuwamba da Maris, su yi kwana biyu suna ƙetare mashigin Drake, ɗaya daga cikin tekuna mafi hauka a duniya. Ƙa'idar wurin ita ce ba a sauke mutum fiye da 100 a gaɓa lokaci guda, jirgin da ke ɗauke da fiye da 500 kuwa ba ya sauke kowa, sai kallo daga nesa. Wanda ya biya kuɗin babban jirgi yana zaton zai taka ƙanƙarar ya yi asara ke nan. Wannan tafiya ta masu ƙarfin jiki ce da ƙarfin aljihu, asibiti yana da nisan kwanaki, ba a kai mai ciwon zuciya ko mai juna biyu.

Sai kuma masu lokaci. Jirgin Queen Mary 2, wanda aka ƙera a Saint-Nazaire ta Faransa ya fara aiki a 2004, yana ƙetare Tekun Atlantika daga Southampton zuwa New York cikin kwana bakwai ba tare da ya tsaya ko'ina ba; mai son karatu da shiru zai ji daɗinsa, mai gajen haƙuri zai ƙosa tun kwana na uku. Haka nan, sau biyu a shekara kamfanoni kan kwashe jiragensu daga Turai zuwa Amurka ko su maido su, gwargwadon yanayi, kuma tikitin waɗannan tafiye-tafiye yakan yi araha ƙwarai saboda yawancin kwanakin a tsakiyar ruwa ake yin su, sai dai mutum zai sayi tikitin jirgin sama na dawowa. Akwai ma masu zaga duniya: daga Disamba 2023 zuwa Satumba 2024 jirgin Serenade of the Seas ya yi tafiyar kwana 274. A wannan shekara ta 2023 ne kuma wani kamfani ya tallata tafiyar shekara uku, mutane suka biya kafin alƙalami, wasu har sun sayar da gidajensu, sai ana saura kwanaki aka soke domin kamfanin bai ma mallaki jirgin ba.

Kuɗin da ba ya cikin tikiti

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Farashin da ake bugawa da manyan haruffa na mutum ɗaya ne, a ɗakin da mutum biyu za su raba, kuma galibi ɗakin ciki ne marar taga. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. A kan wannan sai a ɗora tukuicin ma'aikata, wanda ba ganin dama ba ne kamar yadda sunan ke nunawa, ana rubuta shi ne a kan kowane fasinja a kowane dare. Alal misali, a ce yuro 12 ne. Miji da mata a kwana bakwai sun biya yuro 168, kuma tun da yuro guda sefa 655.957 ne, wannan ya haura sefa 110,000 kafin a sha ko kwalbar lemo. Ruwan kwalba da lemo da intanet da wanki da motocin zaga gari a kowace tasha, duk kuɗinsu daban. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, kati ake ba mutum wanda shi ne makullin ɗaki shi ne kuma jakar kuɗi, sai daren ƙarshe lissafi ya fito. Uban da ya ba matashin ɗansa wannan kati ba tare da ya sa an ƙayyade masa iyaka ba, ya shirya ganin abin mamaki.

Amma abin da ya fi jawo wa mutanenmu asara shi ne biza. Tallar an rubuta ta ne domin masu fasfon Turai da Amurka, waɗanda ke shiga ƙasashe da yawa ba tare da izini ba. Mai fasfon Nijar ko Chadi ko Kamaru dole ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya ya ga wacce ke buƙatar biza, ko da ba ya da niyyar sauka a can, domin kamfani yana iya hana shi shiga jirgi tun a tashar farko, kuma ba a maido da kuɗi. Bizar Schengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun watan Yuni na 2024, tana da tarko guda: idan jirgin zai fita yankin, misali ya tsaya a Tunis ko wata tashar Turkiyya sannan ya komo Italiya, to bizar shiga sau ɗaya ba ta isa ba, sai mai shiga sau da yawa. Jiragen da ke tashi daga Miami kuwa suna buƙatar bizar Amurka, kuma a watan Yuni na 2025 ƙasar ta rufe ƙofa ga ƴan ƙasashe da dama, cikinsu har da Chadi da Sudan, daga baya ta ƙara wasu. Saboda haka tsarin shi ne a fara tabbatar da biza, ko a sayi tikitin da za a iya fasawa, kada a juya lamarin. A riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo.

Ga iyali kuma akwai ƙa'idoji biyu da kusan dukan manyan kamfanoni suka yi tarayya a kansu: ba sa ɗaukar macen da cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata shida ba, a doguwar tafiya ma sai ya shekara. Ango da ya biya tikiti wata takwas kafin lokaci ya yi wannan lissafi. Akwai likita a cikin kowane babban jirgi, amma ganinsa da kuɗi ne, kuma masu tsada, don haka inshorar lafiya ta tafiya wajibi ce ga dattijo. Maganin hawan jini da na sukari a sa su a jakar hannu, tare da rarar kwanaki, domin babbar jaka takan yi sa'o'i kafin ta iso ɗaki.

Tsoron ruwa

Na san akwai uwar da tun farkon wannan rubutu abu ɗaya ke zuciyarta: idan ya nutse fa? Tambaya ce mai kyau, musamman ga waɗanda ke tuna jirgin Joola na Senegal da ya kife a watan Satumba na 2002 da mutane fiye da 1,800, saboda an loda masa fiye da ninki uku na abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Jiragen hutu ba a yi musu irin wannan lodi, kowane fasinja da gadonsa da gurbinsa a kwale-kwalen ceto. Duk da haka ba su kuɓuta daga kuskuren ɗan'adam ba. Ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a kusa da tsibirin Giglio na Italiya bayan matuƙinsa ya kauce hanya, mutum 32 suka rasu, kotu ta ɗaure matuƙin shekara 16. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Tun daga nan aka gyara doka, yanzu sai an yi wa kowa wannan atisaye kafin jirgi ya daga ko da zarar ya daga. Kada a raina shi. A kama hannun yara da tsofaffi a kai su wurin taruwar, su ga hanyar da idonsu, a gwada musu sa rigar ceto.

Haɗarin da ya fi kusa ma ba nutsewa ba ne, cuta ce, domin dubban mutane suna cin abinci wuri ɗaya suna taɓa ƙofofi ɗaya. A watan Fabrairu na 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutane kimanin 3,700, fiye da 700 suka kamu da korona. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci shi ne babban makami, kuma wanda ya saba alwala sau biyar ya riga ya yi rabin aikin.

Game da salla, malamai sun yi bayaninta tun da daɗewa: mai iya tsayuwa ya tsaya, ya fuskanci alƙibla, idan jirgi ya juya ya juya, wanda tangaɗi ya hana shi ya zauna. A talabijin ɗin ɗaki akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, da ita ake gane alƙibla cikin sauƙi, domin ƙarfen jirgi yakan rikita allurar waya. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda motsi ya fi ƙaranci, ya guji goshi da ƙeya. Wanda zai tafi da mai keken guragu ya tambaya ko jirgin yana jingina da gaɓa a kowace tasha, domin a wasu wuraren can nesa yake tsayawa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan kwale-kwale masu wuyar shiga.

Idan an sauka zaga gari, a daidaita agogon hannu da agogon jirgi, domin wani lokaci yakan bambanta da na garin, waya kuma na garin take bi. Jirgi yana jiran waɗanda suka fita da motocin kamfani idan sun makara, amma wanda ya fita da tasi don kansa ba a jiransa. A bakin matakala akan kafa allo mai nuna sa'ar da kowa zai kasance a ciki. A ɗauki hotonsa kafin a fita, tare da takardar shirin yini da ake ajiyewa a ɗaki, domin a jikinta ne ake rubuta lambar wayar wakilin jirgin na wannan tasha.